Ƙafar Kaza a Tsakiyar Faifan Inna

Yau kwana goma sha tara rabon Yako da ruwan sama. Masarar da na shuka a ruwan farko ta kawo gwiwa ta tsaya, ganyenta ya nannaɗe ya yi fari-fari. Kullum da la'asar hadari yakan haɗo ta wajen Doguwa, baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya a guje, sai iska ta zo ta cika mana ido da ƙasa ta tafi da abinta. An fita roƙon ruwa sau biyu. Samarin da ke zube a gindin darbejiya suna latsa waya sai cewa suke ba a taɓa ganin irin wannan ba. Wanda bai cika shekara talatin ba, me ya gani da zai ce ba a taɓa gani ba?

Ni na gani. Amma ba farin ne ya sa na ɗauki biro ba, ni da na yi shekaru ban rubuta komai ba sai sunana a takardar karɓar taki. Wani yaro ne daga Kano mai matsattsen wando ya tono mini abin da na binne.

'Yata ta fari, Ummi, sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa ba na kiran sunanta na yanka. Ta yi karatu a Kano ta dawo da takarda, aiki babu. Maimakon ta zauna tana kuka sai ta tara matan unguwarmu goma sha ɗaya suna saƙa mata faifai, ita kuma tana ɗaukar hotonsa a waya tana sayar wa mutanen birni. Wai a bango suke ratayewa. Faifan da aka yi don bakace da rufe ƙwaryar fura, shi ne wasu masu ƙoshi ke kafa wa ƙusa a falo suna kallo. Oho, kuɗinsu ne. Abin da na sani shi ne a bana, da masara ke mutuwa a tsaye, gidaje goma sha ɗayan nan ba su daina ɗora tukunya ba, kuma saboda yarinyar nan ne.

Makon jiya ta zo mini da baƙo. Kamalu ubansa ya raɗa masa, shi ya datse wutsiyar ya koma Kamal. Ya shigo zaure da gorar ruwansa a hannu, ya miƙo mini ɗaya hannun daga tsaye kamar tare aka yi mana kaciya.

"Sannu da hutawa, Alhaji."

"Ban je ba," na ce. "Kuma ba hutawa nake ba, zama nake."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ummi ta durƙusa ta ce, "Baba, shi ne wanda na ce maka zai taimaka mini wajen tsara sana'ar. Ya haɗa ni da wani babban shago a Abuja."

"Birandi muke gina mata, Alhaji," in ji shi.

Na ce birandin da na sani a Riruwai na gan ta, a kwalba take, 'yan haƙar kuza ke sha su kwana suna dambe. Ummi ta rufe fuska da mayafi. Ta ce ba ita ba ce, suna ne da tambari da labari, yadda duk wanda ya ga faifan zai san daga ina ya fito.

"Ka gane, Alhaji," ya gyara tsayuwa, "mutanen Abuja ba faifai suke saye ba. Ji suke saye. So muke idan mace ta riƙe shi ta ji wani abu a nan." Ya dafa ƙirji.

"In ta ji wani abu a nan, asibiti za ta."

Bai ji ba, ko ya ji ya share. Ya buɗe jaka ya zaro wani ɗan kati mai rami a sama da rami a ƙasa, irin wanda za a ɗinke a bayan kowane faifai. An buga su kwali guda, suna ɗakin Ummi. A jiki an zana layi uku kore da suka tashi daga tushe ɗaya suka buɗe sama. A ƙarƙashi an rubuta TSIRO.

"Alamar da mahaifiyarka, Hajiya Kaka, take sakawa a tsakiyar fayafayanta ke nan," ya ce. "Ina ganinta na gane. Tsiro ne mai ganye uku yana fasa ƙasa bayan fari. Fata ke nan. Juriya ke nan. Abin da ya rage ranar Asabar in zo da kamara, ka zauna a nan ka ba da labarin yadda ta ƙirƙiro ta. In da hali ka sa tsohuwar riga, mai ɗan yagewa haka. Shagon sun ce in bidiyon ya yi kyau za su ɗauki duk abin da matan suka saƙa har ƙarshen shekara."

Na karɓi katin na juya shi, layukan suka kalli ƙasa. Na daɗe ina kallonsa. Yaron ya sa yatsu biyu ya karɓe, ya sake juya shi yadda yake so.

"A kife ka riƙe, Alhaji."

Ni wai, a kife na riƙe.

Shekarata goma sha huɗu a lokacin, ina aji shida na firamare. Daminar da ta gabata ba ta yi albarka ba, rumbunmu tun kafin bazara sai an kifa mutum a ciki yake taɓo dawa. Bazarar ta zo da zafin da ƙadangare ma ba ya hawa katanga da rana. Ganyen mangwaro ya yi ta zuba kamar ana karkaɗa shi. Sai ga ruwa ya sauka da wuri, mai yawa, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya ɗauki sungumi. Muka shuka gero da dawa, suka fito gwanin sha'awa. Daga nan sama ta rufe bakinta. Shukar ta kwanta, ta bushe, iska ta share wurin kamar ba a taɓa sa iri ba. Muka sake shukawa a wani yayyafi da bai jiƙa taƙi guda ba, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Iri na uku daga cikin abin da za mu ci aka ɗebo shi. Ina gani Inna ta auna shi da hannu tana kau da kai.

Babanmu ya sayar da awaki biyu, sannan tunkiya, sannan kekensa. Da ba abin da ya rage mai ƙafa sai mu, ya ɗauki shebur ya ce za shi Riruwai haƙar kuza, zai riƙa aiko da abin da ya samu. Ya bar ni da Inna da ƙanwata Hajara da goyon da ke bayan Inna. Aike ya zo sau ɗaya.

A cikin wannan hali azumi ya kama. Kafin asuba Inna ta dama ɗan gari a ruwan tsamiya, tsararo, kana ganin gindin ƙwaryar ta cikinsa. In an sallame sallah in ɗauki tulu in tafi rijiya in bi layi. Guga ya sauka ka ji ya daki laka, ka jira ruwa ya taru, ka ɗebo rabi ja wur. Daga nan gona. Gayya ba ta mutu ba a shekarar, amma ta canja kama. Gayyar da muka sani akwai tuwo da fura da makaɗi yana zuga samari. Ta wannan shekarar ba ko ɗaya. Maza goma, sha biyu, su jeru a gonar wane yau, gobe ta wane, ba mai magana, ba abin da kake ji sai ƙarar fartanya a busasshiyar ƙasa. Leɓe ya tsage, miyau ya zama kamar danƙo. Da yake babanmu ba ya nan, ni nake tsaya masa a layi, kuma ba wanda ya rage mini ko kunyar noma ɗaya don ina yaro.

Gaskiya azumin nan ya rufa mana asiri. Mai gona ba ya jin kunyar bai ciyar ba, wanda bai ci ba kuma sai ya ce ibada yake. Da aka ga watan sallah, murfin ya tashi. Kowa ya ci gaba da azuminsa, sai dai yanzu ba lada ba shan ruwa.

Sannan ruwan gaske ya zo. Wanda bai sani ba zai ɗauka nan wahala ta ƙare. Nan ta fara. Marka ta kafu, kwana uku huɗu ba rana, katanga tana zubewa, itace jiƙe ba ya kamawa sai hayaƙi. Ko'ina kore shar, dawa ta fi ni tsawo, kwaɗi suna ta biki, ciki kuwa ba komai. Yunwar da ta fi ciwo ita ce wadda ake yi a tsakiyar kore. Hajara takan fita da kwando ta tsinko tafasa da yaɗiya da rama. A dafa, a matse, a barbaɗa gishiri, in an yi sa'a da ɗan ƙuli-ƙuli. Ka ci cikinka ya cika ya yi ta ƙugi, kafin ka kai bakin zaure ka sake jin yunwa, ga gudawa. Ƙafafun Hajara suka kumbura. Goyon ya daina kuka, sai dai ya buɗe baki. Makaranta kuwa ban ce na daina ba, ƙafata ce kawai ta daina zuwa.

Abin da Inna ta iya shi ne faifai. Ni nake yanko mata kaba da ciyawar da ake sawa a ciki. Ta tsaga kabar siri-siri, ta jiƙa, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki inda haske yake, ita da maƙwabciyarmu Gwaggo Talatu, kowacce da basillarta. Kuɗin galura babu, sai karan dafi da take dafawa ta samu ɗan ja na bakin faifai. A da saƙar Inna in ka zuba ruwa a kai sai ya ɗan tsaya kafin ya bi. A wannan markar hannunta rawa yake. Takan soka basilla ta kuskure, ta murza ido, ta ce duhu ne, alhali rana tsaka. Ta ja kaba iya ƙarfinta, ƙarfin ne babu. Ina kallon saƙar tana fita sako-sako.

Matsalar ita ce ba ita kaɗai ta yi wannan dabara ba. Duk macen da ke da yatsu goma daga Yako har Kiru faifai take saƙawa. Mai saye kuwa na gaske mutum ɗaya ne a kasuwar Dangora, wani dillali Tanko, da yake tarawa ya kai Kano. Inna ta gama guda tara ta ɗaure mini su da igiya. Na kama hanya a ƙasa bayan sallar asuba, cikina ba komai sai ruwan tafasa.

Na tarar da shi a rumfa, zaune a kan buzu, wuyansa har ninki yake a shekarar da kowa ƙashin wuyansa ke waje. A damansa buhun dawa, a hagunsa buhun dusa. A gabansa kwalbar tawada da alƙalamin kara kamar wani malami. Ba ya ba da kuɗi, musaya yake. Ya ɗauki faifai ya lanƙwasa, ya ɗaga shi sama. In haske bai ratsa ba, gwangwanin dawa. In ya ratsa, sai ya tsoma alƙalami ya ja layi uku a bayansa, daga tushe ɗaya su baje ƙasa, sak sawun kaza a laka. Ya ce, "Na kaji." A auna maka dusa. Zanen kuma ba don ado yake yi ba. Don in ka ƙi dusar ka tafi da kayanka, kada ka zagaya ka ba wani ya sake kawo masa ne, kuma duk ƙananan dillalan kasuwar sun san shi, in sun gani ba sa ko tayawa.

Da layi ya zo kaina ya ɗaga na farko. Rana ta ratso ta zuba masa ɗigo-ɗigo a fuska.

"Kai yaro, faifai aka aiko ka da shi ko rariya?"

'Yan rumfar suka kwashe da dariya. Mutanen da su ma yunwar ce ta kawo su, amma sun samu wanda ya fi su arha.

"Inna ce ta saƙa," na ce. "Ba ta jin daɗi ne."

"To ta sha magani. Na kaji."

Ɗaya bayan ɗaya ya zane su duka tara. Na ƙarshen shi ne wanda ta fi wahala a kansa, mai jan baki biyu. Tawadar ba ta bushe ba na fizge shi daga hannunsa. Ya ce in tafi da shi in rufe akurki. Aka auna mini dusar guda takwas a tsumma. A hanya ruwa ya tsuge, na ɗora ƙunshin a ka na kifa faifan a kai don kada abincin kaji ya jiƙe. Kuka nake, amma ruwan sama ya rufa mini.

Inna tana bakin ƙofa inda na bar ta. Ta kwance tsumman ta ga dusa. Ni na yi saurin cewa dawa ta ƙare a kasuwa kafin a zo kaina, kowa dusa ya samu. Sai ta ɗauki faifan ta juya bayansa.

"Sale, wannan fa?"

Ban shirya ba, bakina ne ya yi aikinsa. "Tanko ne ya yi. Waɗanda suka fi kyau yake yi wa, don 'yan Kano su gane su. Duka naki ya yi wa. Ya ce in dawo miki da guda ki ajiye."

Ta daɗe tana kallon zanen. Sannan ta kalle ni.

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

"To madalla. Allah Ya yi maka albarka. Je ka cire rigar nan kada sanyi ya kama ka."

Ta tankaɗe dusar sau biyu ta tuƙa. Wanda bai ci tuwon dusa ba kada ya ce mini ya san shi. Ba ya haɗuwa, yana kartar maƙogwaro yana sauka, ɗacinsa yana kwana a baki. Muka cinye har muka kankare tukunya. Sau huɗu na koma Dangora kafin gero ya nuna, kowane zuwa ƙafar kaza, kowace dawowa in ce mata an yaba. Goyon bai kai ranar da muka gasa tumun farko ba. Babanmu ya dawo bayan an yi girbi da sheburinsa da tarin da bai rabu da shi ba har ya mutu. Ni kuma da na leƙa makaranta na tarar an yi jarrabawa an wuce. Iyakar bokona ke nan, wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya san inda zai kai ƙara.

Da aka ci sabon hatsi jikin Inna ya dawo, hannunta ya tsaya. Wata rana na dawo daga gona na tarar ta fara sabon faifai, saƙa kamar dutse, a tsakiyarsa kuma ta fitar da layi uku da jar kaba. Ƙafar kaza, ɓaro-ɓaro, ba a baya ba ma, a gaba.

"Inna, wannan na mene ne?"

"Ba ka ce ta masu kyau ce ba? Na hutar da shi ɓarnar tawada."

Na shiga ɗaki na kwanta. Ina jiran ranar da wata mai dogon baki za ta yi mata dariya a gidan biki. Ranar ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne masu saye. Saƙar ta yi kyau, jan ya fito, mata suka fara aiko yara suna cewa a ba su mai ƙafar kaza. Kafin shekara uku, daga Bebeji, daga Tudun Wada, duk mai haɗa wa 'yarta kayan ɗaki sai ta nemi guda biyu ko uku. Har wasu suka fara kwaikwaya, amma ana juya bayan saƙar ake gane ba hannunta ba ne.

Rannan sai ga Tanko da kansa a zaurenmu, da sallamarsa da goronsa, 'yan Kano sun dame shi da neman mai ƙafar kaza. Inna ta ce a shimfiɗa masa tabarma. Ya zauna tun azahar. Aka yi la'asar yana nan yana korar ƙuda. Sai da rana ta yi ja ta aiko Hajara ta ce masa babu, duk an yi alkawarinsu, alhali ina ganin guda goma jingine a bayan ƙofarta. Ya sake zuwa sau biyu, haka aka yi masa. Ni a wautata na ɗauka yabon ƙaryar da na kawo mata ne ya hau mata kai.

Haka na rayu da ita shekara talatin da wani abu. Duk sanda na ga tana fitar da layukan nan uku tana 'yar waƙarta, sai tausayinta ya kama ni, in ce baiwar Allah, tana ado da zagin da aka yi mata ba ta sani ba, kuma ni na jawo. Na yi niyyar faɗa mata ya fi sau ɗari. A ciwonta na ƙarshe, shekara huɗu ke nan, na zauna a gefenta na ce, "Inna, akwai wata magana." Ta ce, "In ta gona ce ka bari sai na tashi." Ba ta tashi ba.

Wannan ne yaron nan yake so in zauna a gaban kamara in ce tsiro ne.

Kwana uku ina juya abin. In na yi shiru na bi shi, shagon Abuja ya ɗauki kaya, gidaje goma sha ɗaya su ci tuwo ko masara ta mutu. In na faɗa, kwalin katin nan ya zama shara, wataƙila shagon ma ya tafi. Amma na yi wa matar nan ƙarya tana raye, yanzu kuma in ƙara mata wata tana kabari, da riga yagaggiya, don wata mai falo ta ji wani abu a ƙirjinta?

Ranar Asabar na sa rigata ta sallah. Kamal ya gani ya ɗan ɓata fuska. Ya kafa kamararsa a ƙofar gida a kan wani ƙarfe mai ƙafa uku, ya jera fayafayai a bayana, ya sa aka fito da tsofaffin cikin masu saƙar su zauna a gefe don hoto ya cika. Har da Gwaggo Talatu, wadda yanzu ba haƙori ko ɗaya a bakinta, ba ta gani sosai, amma hannunta bai manta basilla ba.

"Yauwa Alhaji. Ka fara da cewa, mahaifiyata mace ce mai mafarki."

"Mahaifiyata ba ta samu barcin da za ta yi mafarki ba," na ce. Na ɗauki faifai ɗaya na juya shi daidai. "Wannan kuma ba tsiro ba ne. Ƙafar kaza ce."

Na faɗa musu duka. Tanko, tawada, rariya, dusa, da ƙaryar da na yi. Ban kalli Ummi ba sai da na gama. Ta haɗa hannu a baki, idonta a kan ɗakin da kwalin yake. Na san abin da na rusa mata.

Sai na ji wani sauti kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Gwaggo Talatu ce take dariya, har tana dukan cinya.

"Kai Sale! Kai dai tun kana yaro ba ka da wayo, ga shi har furfura ba ka samu ba. Wa ya ce maka ba ta sani ba?"

Na ce, "Gwaggo, me kika ce?"

"Ni nawa guda nawa Tanko ya zana wa? Duk macen da ke garin nan ta san ƙafar kaza tun kafin a aike ka. Ranar da ka dawo a jiƙe, kana shiga ɗaki ta leƙo ta katanga ta kira ni. Ta ce, Talatu, yaron nan ya je Dangora da yunwa ya dawo, an ci masa mutunci, bai sha ko ruwa ba ya tsaya yana ƙaga mini ƙarya don kada in ji ciwo. Duk wadda ta gaya masa na sani, ni da ita har gaban Allah. Muka kama bakinmu. Yanzu kuwa ta tafi, kai ma ka fasa da kanka, ba ruwana."

Na ce, "To don me ta riƙa saƙa ta?"

"Cewa ta yi tunda ƙafar kaza ya ba ta, sai ta sa ya biyo sawun har ƙofar gidanta. Ba ka ga ya biyo ba? Ko kana ina aka shanya shi a zaure sau uku?"

Matan suka fashe da shewa. Ni ban yi dariya ba. Shekara talatin da wani abu ina kallon matar nan da tausayi, ashe ita ke kallona da shi. Har a gadon mutuwa ta toshe mini baki don kada in ji kunya. Haushi ya kama ni, ban san na wa ba, idona ya cika.

"Subhanallahi," in ji Kamal. Ya dafa ƙirjin nan nasa. "Wannan ai ya ninka na tsiron sau goma! Yunwa, wulaƙanci, ramuwa, komai akwai. Alhaji, don Allah a maimaita daga wajen dusar, iska ta ɓata sautin. Kuma in hawayen ya zo kada ka share, ka bar shi ya gangaro. Ita ma Gwaggo a matso da ita, a cire mata takalmin."

Na miƙe. Na ce ya naɗe ƙarfensa, shi ma ƙafar kaza ce, ya bi sawun motarsa tun ina ganin mutuncin wadda ta kawo shi. Ya juya wajen Ummi yana jiran ta ba ni haƙuri.

"Goge abin da ka ɗauka," ta ce.

"Kin san abin da kike zubarwa kuwa? Ba bidiyo, ba shago. Ni na haɗa ku, ni zan gaya musu."

"Na sani. Faifai nake sayarwa. Goge a gabana."

Ya goge yana huci, ya ce mutanen ƙauye ba su san darajar labarinsu ba. Gwaggo Talatu ta tambayi ta kusa da ita wai ɗan gidan Tanko ne? Aka ce a'a. Ta ce to muryar ce iri ɗaya.

Shagon ya janye, jiya suka aiko mata a waya. Saura masu sayen ɗai-ɗai da take da su tun farko, waɗanda ba za su ɗauke rabin abin da matan ke saƙawa ba. Ba wadda ta zo ta yi mini maganar a cikinsu, amma na ga yadda biyu suka amsa gaisuwata a bakin rijiya. Suna da gaskiya. Ni ma ban ce na yi dabara ba.

Ɗazu bayan la'asar, hadari ya sake haɗowa yana yi mana ƙaryar da ya saba, Ummi ta fito zaure da kwalin katin da allura da zare da fayafayai guda biyar da za ta aika Kano. Ta ce ba ta da halin buga wasu, da waɗannan za a yi har su ƙare. Ta ɗora kati ɗaya a bayan faifai. In rubutun ya tsaya daidai, zanen tsiro ne. In ta juya ƙafar ta taka ƙasa, TSIRO ya koma kai a ƙasa. Ta juya shi, ta sake juyawa.

"Baba, dole ɗaya ya kife. Wanne zan kifar, ƙafar ko rubutun?"

Na ce, "Rubutun. Kakarki ba ta iya karatu ba."